Rakiyar Kawu zuwa dashen haƙori a Gotanbag

Daga ƙarƙashin filin jirgin saman Kopanhegan, babban birnin Danmak, ake shiga jirgin ƙasan da ke tsallakawa Suwidin. Da farko sai ya nutse cikin wani rami da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, tsawon kilomita huɗu, ya ɓullo a kan wani tsibiri da mutane suka cike da hannunsu, sannan ya hau gadar Oresund mai kusan kilomita takwas. Motoci suna bi ta sama, jirgin ƙasa ta hawan ƙasa. Tun shekarar 2000 aka buɗe ta, kuma waɗanda ke zaune kusa da ni ko ɗaga kai ba su yi ba, don da yawansu kullum ta nan suke zuwa aiki su koma. Ni kaɗai na manna goshi a gilashi ina kallon ruwa mai launin toka da manyan fankokin lantarki da aka kakkafa a cikinsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya taso ni. Ya daɗe ƙwarai a birnin Gotanbag na Suwidin, can ya yi aikin masana'anta har ya ajiye, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya watsa su wasu garuruwa. Haƙoransa sun ƙare kaf. Ciwon dasashi ne ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ciwon sukari da sigari suna taya shi. Na roban da aka yi masa a sama suna zaune lafiya, domin suna da rufin baki da za su manne masa. Na ƙasa ne suka ƙi. Ba su da wurin kamawa, harshe na tura su, leɓe na tura su, in ya yi dariya sai su ɗaga. Da likita ta sa masa ranar dashe, aka ce ya kamata a samu wani a gidan a makon farko, sai 'yan uwa suka haɗa baki suka ce ni.

Ya ce in wuce kai tsaye, amma na sauka a Lund, 'yan mintoci bayan Malmo, birnin da ke bakin gadar. Tun da ya faɗa mini maganar dashen na shiga karance-karance, kuma kowace hanya na bi sai ta dawo da ni wannan ƙaramin gari. Garin ɗalibai ne, kekuna sun fi motoci yawa, titunan tsakiya na dutse ne masu wahalar da mai jan akwati. Akwai tsohuwar majami'a mai hasumiya biyu da aka keɓe tun 1145, jami'ar kuma an kafa ta a 1666. A nan ne, a 1952, wani matashin mai binciken likitanci mai suna Per-Ingvar Branemark yake nazarin yadda jini ke gudana a cikin ɓargo. Ba likitan haƙori ba ne, kuma haƙori ba ya cikin lissafinsa. Ya ƙera wani ɗan bututu mai gilashi, ya dasa shi a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa leƙa abin da ke faruwa a ciki da madubin likita. Da wani ƙarfe mai suna taitaniyam aka yi bututun. Bayan watanni, da ya zo cire kayansa ya sake amfani da su, sai suka ƙi fita. Ƙashi ya kama ƙarfen gam, babu wani nama a tsakaninsu.

Wasu masu bincike a Amurka sun riga shi lura da cewa ƙashi ba ya gudun taitaniyam, tun a 1940 da kuma 1951. Abin da ya bambanta shi da su shi ne naci. Ya kwashe fiye da shekara goma yana bin abin, a kan zomaye, a kan karnuka, har da ɗalibansa da suka yarda aka sa musu 'yan ƙarafa a damtse, kafin ya kusanci bakin mutum.

Akwai wani labarin na Lund da ban so sani ba, amma dole a faɗe shi tare da wannan. A shekarun nan dai, daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1950, a asibitin Vipeholm da ke gefen garin, an riƙa ciyar da ɗaruruwan masu naƙasar ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo da aka ƙera musamman don ta manne wa haƙori. Wasunsu har guda 24 a rana. Ana so a tabbatar ko sukari ne ke ruɓar da haƙori. An tabbatar, haƙoran bayin Allah kuma suka lalace, ba a nemi yardarsu ba, kamfanonin sukari da alewa kuma suna cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin. An daɗe da rufe asibitin. Ina tsaye a bakin tasha ina jiran jirgi na gaba, ruwa na zuba, ina ta juya abin a raina: gari ɗaya, zamani ɗaya, wasu na zubar da haƙoran marasa galihu da sunan ilimi, wani kuma a wani ɗaki yana fama da ƙafar zomo bai san ya tsinci abin da zai maye gurbin haƙori ba. Duk wanda ya faɗi na biyun ya bar na farkon, bai yi wa mutanen Vipeholm adalci ba.

Daga nan jirgi ya miƙa arewa ta gaɓar teku, Helsingborg, Halmstad, Varberg. Watan Nuwamba ne, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, sauran tafiyar fuskata kawai nake gani a gilashi.

Na tarar da Kawu a babbar tashar Gotanbag, ya naɗe wuya da mayafi har haɓa. Ban gane shi nan take ba. A waya fuskarsa kawai nake gani daga gaba, kuma yakan sa haƙoran kafin ya kira. A tsaye a gabana sai na ga yadda ƙasan fuskar ya shige ciki, haɓa ta matso hanci, leɓe ya lanƙwashe.

"Kawu, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya hanya? Ina ka tsaya? Tun ɗazu nake nan sanyi na cina."

Na ce na tsaya ganin garin da aka gano dashen haƙori. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wato ni za a fasa wa baki, kai kuma yawon buɗe ido ka zo." Ya yi dariya, hannunsa ya tafi bakinsa da kansa. Wannan hannun na riƙa lura da shi duk zamana. A tarago, a kanti, ko gaisawa da maƙwabci, hannu yana nan yana gadi. Da dare kuma, da muka zauna cin abinci, ya juya baya ya cire na ƙasan ya sa a aljihu. Ya ce da su da babu su, gara babu, ko ba komai dasashi ba ya zamewa.

Gotanbag birni ne na tashar jiragen ruwa, na biyu a girma a ƙasar, a bakin kogin Gota. Sarki Gustav Adolf ne ya kafa shi a 1621, 'yan Holan suka tsara masa magudanan ruwan da har yau suke ratsa tsakiyarsa. Nan ne gidan kamfanin motoci na Volvo. Taragon lantarki masu shuɗi da fari su ne ƙafar kowa, kuma ruwan sama ba ya neman izini. Ba kuɗin hannu ake kashewa ba, kati ne ko waya, har a wurin shan shayi. Lokutan salla kuwa a wannan wata sun cure wuri ɗaya, kana idar da azahar la'asar na ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin ranar aikin akwai ganawa ta ƙarshe da likita, ta bar ni na shiga. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da gaggawa. Da Kawu take yaren ƙasar, in ta ga na ɓace sai ta juyo ta maimaita mini da Turanci. Ta buɗe hoton muƙamuƙinsa a kwamfuta, irin hoton da ake juya shi ta kowane gefe a yanka shi sala-sala. A nan na fahimci abin da ya sa fuskarsa ta koma haka. Ƙashin da ke riƙe da haƙori don haƙorin yake raye. Tauna ce ke motsa shi. Ranar da aka cire haƙori, jiki sai ya fara janye ƙashin wurin, da sauri a watannin farko, sannan a hankali har ƙarshen rayuwa. Haƙoran roba ba sa tsayar da wannan, dannawa kawai suke yi daga sama. Shi ya sa wanda aka auna wa su daidai bana, bayan 'yan shekaru sai su koma suna yawo. A bayan muƙamuƙin Kawu ƙashin ya zama siriri, kuma ta nuna mana wani baƙin layi da ke ratsa shi: jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. In ƙarfe ya taɓa ta, mutum na iya zama da mataccen leɓe na watanni, wani lokaci har abada. A gaba kuwa, wajen haɓa, tsakanin inda jijiyoyin biyu ke fitowa, akwai ƙashi mai kauri da tauri. Nan za ta yi aiki.

Ta ɗauko samfuri ta ba ni na riƙe. 'Yar ƙusa ce irin ta murɗawa, launin toka, kaurinta wajen milimita huɗu, tsawonta bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ita ce ke zama saiwa. A kanta ake ɗaura wani ɗan wuya da ke leƙowa ta dasashi, a kan wuyan kuma ake ɗora haƙorin da ido ke gani. Mai giɓi ɗaya, ƙusa ɗaya ta ishe shi, kuma ribarsa ita ce ba za a fafe lafiyayyun haƙoran gefe don a rataya masa haƙorin roba a jikinsu kamar gada ba. Wanda ya rasa duka ba ya bukatar ƙusa ga kowane haƙori. Huɗu zuwa shida suna ɗaukar jeri guda da ba a cirewa.

Wannan jerin Kawu ya so tun farko. Ita kuma ta ba shi shawarar ƙusa biyu kacal, kowace da ɗan maɓalli a kai, haƙoran roban su riƙa ɗanewa a kansu, da dare a ɓalle a wanke. Dalilanta: yanayin ƙashinsa, ciwon sukarinsa, tarihin dasashinsa, da kuma yatsunsa da suka fara ƙagewa, domin wanke ƙarƙashin jerin da ba a cirewa aiki ne na mai haƙuri da ido. Ta ce tun 2002 wani taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya tsayar cewa ƙusa biyu ita ce abin da ya kamata a fara miƙa wa duk wanda ya rasa haƙoran ƙasa baki ɗaya. Kawu ya daɗe da yarda, amma da ya ga yana da ɗan kallo sai ya sake ta da maganar.

"Ka ji, ɗana. Duk kuɗin nan, kuma a ce in ci gaba da kwana da haƙora a kofi."

Na ce, "Kawu, a kofi da dare, amma da rana a baki. Yanzu fa a aljihu suke wuni."

Ban ga laifin likitar ba, har ma ta ƙara girma a idona. Wanda ya sayar maka da ƙaramin abu alhali yana da babba a hannu, kuma ka zo da niyyar sayen babban, ya cancanci a saurare shi.

Maganar kuɗi a can tana da tsari. A lokacin da na je, mazaunin ƙasar shi ke biyan kuɗin haƙorinsa har zuwa kurona 3,000, kuɗin ƙasar ke nan, a cikin shekara. Daga nan zuwa 15,000 hukuma na ɗaukar rabi, abin da ya haura haka kuma tana ɗaukar kashi 85 cikin ɗari. Sai dai da farashin da hukuma ta ƙayyade ake lissafin, in asibiti ya ɗora nasa a kai, rarar taka ce, kuma ba kowane dashe ne ke shiga tsarin ba. Baƙo irina ba shi da rabo a ciki.

Sharuɗɗan da ta gindaya masa tun watanni kafin zuwana su ne suka fi ba shi wuya. Sai gwajin sukarinsa na dogon zango ya sauko, domin sukari in ya yi yawa rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Sai kuma ya bar sigari, don hayaƙi na takure ƙananan hanyoyin jinin da ƙashi ke bukata. Ta tambaye shi ko yana shan maganin tsinka jini, ko maganin ƙarfafa ƙashi, ko an taɓa gasa masa muƙamuƙi saboda ciwon daji. Ta ce ko yaro ne ya rasa haƙori ba a yi masa dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, domin ƙusa ba ta tafiya tare da ƙashi yadda haƙori ke yi. Yawan shekaru kuwa ba ya hanawa.

Washegari Kawu ya ce ba zai fita ba, sai na hau tarago ni kaɗai zuwa wajen asibitin Sahlgrenska, wanda aka buɗe tun 1782 da dukiyar da wani attajirin birnin ya bari. Kusa da shi akwai wani tudu mai duwatsu da aka cika da gine-ginen koyar da likitanci da haƙori. Babu abin kallo. Bulo ne da gilashi, ɗalibai na wucewa da jakunkuna, iska na kaɗa matattun ganye. Amma nan Branemark ya dawo daga Lund a 1960, kuma a wannan birni, a 1965, ya yi wa mutum na farko dashe. Sunansa Gosta Larsson, an haife shi da naƙasa a muƙamuƙi da rufin baki, ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa. Aka sa masa ƙusoshi huɗu. Ya rasu a 2006 suna nan daram a bakinsa, bayan fiye da shekara arba'in.

Da za a ce daga nan duniya ta tashi da tafi, da an yi ƙarya. Likitocin haƙori na ƙasar sun yi masa ca, kuma suna da hujjarsu. Sun sha ganin dashe iri-iri kafin nasa, faranti da raga da ake cusawa a ƙashi ko a ɗora a kansa, jiki ya naɗe su da nama, su yi ta girgiɗi, su ruɓe, a cire su da guntun muƙamuƙi. Abin da aka koya musu shi ne jiki ba ya karɓar baƙon ƙarfe. Ga kuma mutumin da ke musu da'awar ba ɗan sana'arsu ba ne. Sai a shekarun 1970 hukumar lafiya ta ƙasar ta amince da hanyarsa, sauran duniya kuwa sai bayan wani taro a birnin Toronto na Kanada a 1982, wanda Farfesa George Zarb ya shirya, inda aka baje sakamakon shekara goma sha biyar. Daga zomo zuwa Toronto shekara talatin ke nan. Branemark ya rasu a nan Gotanbag a Disambar 2014.

Abin bai tsaya a baki ba. A wannan asibiti, a 1977, aka fara dasa ƙusa a ƙashin bayan kunne a ɗora mata na'urar ji, sauti ya bi ta ƙashi. Daga baya ɗan Branemark, Rickard, ya kai dabarar ga waɗanda aka yanke wa ƙafa, ana ɗaura ƙafar roba kai tsaye a ƙarfen da ke cikin ƙashin cinya.

Sirrin, in sirri ne, yana fatar ƙarfen. Taitaniyam da zarar ya sha iska sai wata 'yar fata siririya ta rufe shi, wadda ba ta tsatsa kuma jiki ba ya ɗaukarta abokiyar gaba. Ƙwayoyin ƙashi sai su zo su yi gini a jikinta, su cike kowane lungu na murɗin, kamar yadda itace ke haɗiye wayar da aka ɗaure masa tun yana ƙarami. Likita ba ya haɗa ƙashi da ƙarfe. Iyakarsa ya huda rami ba tare da ya kashe ƙashin ba, ya zaunar da ƙusar kada ta motsa, ya koma gefe.

Ranar aikin a ɗakin jira na zauna. Kafin in gama duba mujallun da ba na iya karantawa, sai ga shi an fito da shi, auduga a baki, yana harara ta kamar ni na ja masa. Ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi kawai aka yi masa a wurin. Da bakinsa ya saki da yamma ya ba ni labari: zafi babu, sai dai girgiza da yake ji har cikin ƙoƙon kai, da ruwan sanyi da ake ta kwarara masa ana zuƙewa. Ruwan nan ya fi ba shi haushi, amma shi ne rabin aikin. Masu bincike a wannan jami'a, Eriksson da Albrektsson, sun nuna a 1983 cewa in zafin ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ya fara lalacewa, kuma ƙashin da ya ƙone ba ya kama ƙarfe. Don haka a hankali ake hudawa, a fara da siririn bakin inji a riƙa ƙara kauri, ruwan gishiri na sanyaya wurin. Aka murɗa ƙusoshin biyu, aka mayar da dasashi aka ɗinke a kansu. Da na leƙa bakin ban ga ƙarfe ba, zare kawai.

Kwanakin da suka biyo baya su ne dalilin zuwana. Haɓa ta kumbura, ta yi shuɗi-shuɗi, sannan ta koma ɗorawa. An hana shi sa haƙoran ƙasa na ɗan lokaci don kada su danne wurin. Ina dafa miya in tace, in dama dankali, in sa ƙanƙara a tsumma in miƙa masa, in tuna masa da ruwan kurkure baki da awon sukari. Shi kuma yana zaune bakin taga yana faɗa da kowa: da ni, da ruwan sama, da 'ya'yansa a waya. Rashin sigari ya fi ɗinkin cinsa. Wani dare na ji yana bincike a aljihun tsohuwar rigar sanyi.

"Kawu, me ake nema?"

"Makulli."

"Makullin yana jikin ƙofa."

Ya yi tsaki ya koma ya kwanta.

A wannan zaman ne ya riƙa nuno mini tallace-tallace a wayarsa, tunda waya ta ji ana maganar haƙori ta dinga turo su. Ka zo da safe ba haƙori, ka koma da yamma kana murmushi. Ka zo ƙasa kaza, otal da mota kyauta, mako ɗaya an gama. "Ka gani? Mutane na gamawa a yini, ni an ce in jira wata uku." Gaskiya ne ana yin hakan, ba damfara ba ce gaba ɗaya. In ƙashi na da kyau kuma ƙusoshin sun zauna da ƙarfi tun ranar, ana iya haɗa su da jerin wucin gadi nan take. An kuma gyara fatar ƙarfen zamani, an sa mata kaushi, ƙashi na kama ta da sauri fiye da ta zamanin Branemark, wanda ƙa'idarsa ita ce wata uku a ƙasa, wata shida a sama inda ƙashi ya fi laushi. Amma abin da tallar ba ta faɗa shi ne, ko an ɗora haƙori a ranar, ƙashin bai san an yi ba. Makonninsa zai ɗauka, kuma in ƙusa ta yi ta motsi a lokacin, nama ne zai naɗe ta, a koma gidan jiya. Tafiya wata ƙasa don sauƙin kuɗi kuwa, akwai ƙwararru a ko'ina, ban musa ba. Tambayar da nake so mutum ya yi kafin ya sayi tikiti ita ce: in wurin ya kumbura bayan shekara biyu, ƙofar wa zan buga, kuma shin likitan da ke kusa da ni yana da makullin irin wannan ƙusar? Kamfanonin da ke ƙera su suna da yawa, kayan wani ba sa shiga na wani.

Ranar Asabar na ja shi muka fita shan iska zuwa Haga, tsohuwar unguwa mai gidajen katako, inda ake sayar da wani burodin kirfa mai faɗin faranti. Ya tsaya ya kalle shi ta gilashi ya ce mu wuce. A wani kanti muka ga yara sun yi layi gaban akwatunan alewa, kowa da 'yar jakar takarda da cokali. Kawu ya ce al'adar ƙasar ce, yaro ba ya shan alewa sai Asabar, haka ya tarbiyyantar da nasa. Bai san daga ina ta samo asali ba. Na gaya masa daga Vipeholm ne, bayan binciken hukuma ta shawarci iyaye su tara zaƙin a rana ɗaya, tunda yawan maimaitawa ne ke cin haƙori. Ya yi shiru, sannan ya ce shekarunsa nawa a ƙasar nan ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Da aka je cire zare, sai aka haɗa mu da wata ma'aikaciya da aikinta shi ne tsaftar baki, ita ce kuma ta rage mini zumuɗi. Ta ce mutane na ɗauka tunda ƙarfe ba ya ruɓewa, an huta. Ƙarfen ba ya ruɓewa, amma naman da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa. Haƙorin asali yana rataye ne da wasu siraran zaruruwa a cikin raminsa, su ke ba shi ɗan lilo, su ke gaya maka ka tauna tsakuwa, kuma suna kawo jini wurin. Dashe ba shi da su. Saboda haka datti in ya taru a wuyansa, kumburi na saurin gangarawa ƙashi, kuma sau da yawa ba ya ciwo sai abu ya yi nisa. Ta ambaci wani bincike da masana jami'ar birnin suka fitar a 2016, inda aka duba mutum 588 shekara tara bayan an yi musu dashe a sassan ƙasar: kashi 45 cikin ɗari suna da alamar wannan ciwo, kashi 14.5 kuma nasu ya yi tsanani. Waɗanda ciwon dasashi ya zubar wa haƙora tun farko sun fi shiga haɗari. Ta faɗi haka tana kallon Kawu. Fiye da tara cikin goma na dashe suna kai shekara goma a baki, amma zama a baki daban, zama lafiya daban.

Ta ba shi wani ɗan buroshi mai tsinin kai da wasu ƙanana masu launi-launi, ta sa ya gwada a kan samfuri har sau da yawa, ta rubuta masa ranakun dawowa. Shi da ya yi shekaru yana ba matasa umarni a masana'anta, ya zauna yana cewa to, to.

Na bar Gotanbag kumburi ya sace, an sa wa tsofaffin haƙoransa wani abu mai laushi a ciki don ya riƙa lallaɓawa da su, ƙusoshin kuma suna binne ba abin da ake gani. Ban ga ƙarshen aikin da idona ba. Sai bayan sanyi ya fara ja da baya ya kira ni, ya ce an buɗe, an gwada, duka biyun sun kama, an ɗaura maɓallan. Na tambaye shi yaya tauna. Ya ce tauna lafiya lau, ya ci nama, ya ci tuffa. Matsalar ita ce sun kama da yawa: daren farko ya yi ta kokawa da su a gaban madubi ya kasa ɓalle su, har ya kwana da su. Ya koma asibiti da faɗa, aka canza masa 'yan robobin cikin maɓallan da masu sassauci. Sigari kuwa ya ce ya bari, 'yarsa ta ce in ƙara tambayarsa.